Hoto Ma Zarar Bunu Ne: Amfani da Haɗarin Baje Hotunanmu a Intanet

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocin ƙungiyarmu ya gabatar a babban taron shekara da aka yi a Landan, kan shawarar buɗe dandalin hotunan garinmu a intanet.



 

Da sakatare ya kira ni ya ce an ba ni lokaci in yi magana a kan hotuna, sai na ce masa, Malam, ko dai lamba ka ɓata? Ni likitan yara ne, hoton da na fi sani shi ne na ƙirji da na ƙashi. Ya ce ai kowa ya san ba na zuwa biki ko suna sai da kyamara rataye a wuya, sannan akwai wani labari da na taɓa ba shi muna cikin mota, yana so in maimaita shi a gaban jama'a. Zan bayar da labarin, ko da yake ba ya yi mini daɗin faɗa. Amma bari in fara da abin da ya tara mu.

Kwamiti ya kawo shawarar a buɗe shafi a intanet inda za a baje hotunan garinmu, na da da na yanzu: ganuwa da ƙofofi, kasuwa, hawan salla, tsofaffin malamai, tarukan ƙungiya, da duk abin da ke cikin albam-albam ɗinmu. Matasa sun yi murna, wasu dattawa kuma sun ce a bi a hankali. Tun ba mu yi nisa ba zan faɗi matsayina: ina goyon bayan a buɗe. Sai dai ina da sharuɗɗa, kuma ina roƙon ku yi haƙuri ku ji dalilina kafin a kaɗa ƙuri'a.

Duk wanda ya kai shekaruna zai tuna yadda hoto yake a gidajenmu. A gidanmu albam ɗaya ne, yana cikin akwatin mahaifiyarmu, a ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai da salla. Mai hoto kan zo a kan babur ranar salla ko ranar suna, fim ɗinsa na ɗaukar hoto talatin da shida ne, don haka ba ya ɓarna. A jera mu, a ce kar kowa ya ƙifta ido, sannan a jira mako ɗaya ko biyu kafin a kawo wanki. In baƙuwa ta zo, bayan ruwa da gaisuwa sai a ce, ɗauko mata albam. Ku lura da abu uku a nan. Hotunan kaɗan ne. Mai albam ita ke zaɓen wanda zai gani. Kuma a gabanta ake gani, in an gama ta karɓi abinta ta mayar akwati. Intanet ta kawar da duka ukun. Amfanin da zan lissafa daga nan ya fito, haɗarin ma daga nan ya fito.

Amfani na farko shi ne adana tarihi. Hoton takarda yana da abokan gaba da yawa a ƙasarmu: gara, ɗanshin damina, zafin bazara, gobara, ambaliya, sai kuma rabon gado, inda albam kan faɗa hannun wanda bai san kowa a ciki ba. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda iyayenmu suka gani da idonsu, yau sai dai a hoto. Da ba a ɗauka ba, ko da an ɗauka gara ta cinye, da 'ya'yanmu sun ɗauka tatsuniya muke yi musu. A nan unguwar Kew da ke yammacin Landan akwai ma'adanar takardun tarihi ta gwamnatin Birtaniya. A 2011 ta ɗora dubban hotunan Afirka na zamanin mulkin mallaka a shafin Flickr, har da na Nijeriya, ta roƙi jama'a su taimaka wajen gane wurare da mutanen da ke ciki. Babban ɗakin karatu na Birtaniya shi ma tun 2004 yake da shiri na ba da tallafi don a yi wa tsofaffin takardu da hotuna da ke gab da lalacewa sikanin a ƙasashensu, a bar asalin a inda yake, a sa kwafi a intanet. Abin da waɗannan manyan ma'aikatu suka gane shi ne, hoton da ke kulle a akwati ba ya magana. In aka fito da shi, sai wata tsohuwa ta duba ta ce, ai wannan wane ne, sarkin pawa na lokacin, wancan kuma ƙofar gidan wance ce kafin a fasa titi. Dattawan da za su iya gaya mana haka kullum raguwa suke yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Amfani na biyu, mu ba da labarinmu da kanmu. Mu da ke zaune a nan mun san abin da ke fitowa in abokin aikinka Bature ya rubuta sunan Arewacin Nijeriya a intanet: sojoji, gidaje a ƙone, yara da roba a hannu. Akwai waɗannan, ba ƙarya ba ne, amma ba su ne duka rayuwarmu ba. Wata 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, wadda ta karanta aikin jinya sannan ta zo nan Landan ta yi digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, ta koma gida ta buɗe shafi a Instagram a 2015 mai suna Bits of Borno. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa, amare, tsofaffi suna hira a inuwa, a daidai lokacin da duniya ba ta jin komai game da Borno sai tashin bom. Manyan kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauki aikinta. Ba ta jira wani gidan baje koli ya buɗe mata ƙofa ba. Ɗana da aka haifa a nan ya taɓa tambayata ko akwai itatuwa a garinmu. Na yi dariya, daga baya abin ya dame ni. Gani ya kori ji. In muna so 'ya'yanmu su yi sha'awar gida, sai mun nuna musu shi.

Amfani na uku na masu sana'ar ne. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe sutudiyo a 1948, ya ɗauki dubban mutane cikin kwalliyarsu. A 1991 aka baje wasu hotunansa a birnin New York, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya tafi Bamako da kwafin hotunan yana tambaya, kafin aka gano shi, yana raye, fina-finansa na nan a adane. Ya tsufa kafin duniya ta san sunansa, ya rasu a 2001. Yau yaron da ke ɗaukar hoton biki a garinmu, in ya iya aikinsa, zai iya sa shi a waya da safe, kafin la'asar wani a Abuja ko Jidda ya gani ya neme shi. Shafin ƙungiya zai iya zama ƙofar arziki ga irin waɗannan yara, muddin an rubuta sunayensu.

Wannan ke nan a ɓangaren alheri. Yanzu ga labarin da sakatare ya matsa in bayar.

Shekarun baya na je gida hutu, muka yi kwana uku muna duba marasa lafiya kyauta a wani ƙauye. Aka kawo mini yarinya 'yar shekara tara, fitilar kananzir ta faɗo mata tana barci, ta ƙone a wuya da ƙirji. Ciwon ya warke, amma tabon ya tsuke ya janyo haɓarta ƙasa, ba ta iya ɗaga kai ko waiwaye. Aiki ne da likitocin tiyata za su iya yi, kuɗi ne babu. Na ce wa mahaifinta zan ɗauki hotonta in nuna wa abokaina ko za a samu taimako. Ya ce, "To, Likita, duk yadda ka gani." Na sa aka zame mata riga don tabon ya fito sosai. Ta kawar da kai, na ce, kalle ni nan. Na ɗauka, fuska da ƙirji duka, na tura zauren WhatsApp na abokan makarantarmu da bayani da lambar asusu. Cikin 'yan kwanaki kuɗi suka haɗu. Aka yi aiki, aka yi nasara, yarinya ta ɗaga kai. Na dawo Ingila ina jin na yi abin kirki, kuma har gobe ban ce aikin ba alheri ba ne.

Bayan kamar shekara uku, wani abokin aikina ya turo mini hoto ya ce, ba wannan ce yarinyarka ba? Ita ce. An sa ta a Facebook da wani suna, an ce 'yar wani gari ce daban, an ce mahara ne suka ƙona ta, ga kuma lambar asusun wani da ban sani ba. A ƙasa mutane na ta tsinuwa suna zagin wata ƙabila. Na kai ƙara aka cire, bayan 'yan makonni na sake ganin sa a wani shafin da wani labarin. Da na koma gida na nemi iyayenta. Mahaifiyar ta fito ta gaishe ni da mutunci, ta kawo ruwa. Na tambayi yarinya, ta ce tana ɗaki, ta daina zuwa Islamiyya tun ranar da wani yaro ya nuna hoton a wayar yayansa, 'yan aji suka taru suna kallo. Sannan ta ce mini, "Likita, mun gode da aiki, Allah ya saka. Amma da ka rufa mata zane."

Ban samu abin cewa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san doka. A asibitin da nake aiki a nan, ba na isa in ɗauki hoton mara lafiya da wayata in tura wa abokai. Sai an yi masa bayanin inda hoton zai je da wanda zai gani, ya amince, in yaro ne iyaye su amince a kuma ji ta bakin yaron in ya yi wayo, sannan hoton ya shiga ma'ajiyar asibiti. Da a nan na yi abin da na yi a can, da hukumar da ke ba likitoci lasisi ta kira ni. Dokar da nake bi sau da ƙafa a kan 'ya'yan mutanen nan, ita na ajiye a filin jirgi da na sauka gida. Kuma "to" ɗin mahaifin nan ba izini ba ne. Talaka wanda 'yarsa ke cikin wahala, ga likita ya zo daga Turai da alkawarin taimako, ina ya ga bakin cewa a'a? Bai da babbar waya. A tunaninsa abokan likita mutum biyar ne ko shida, za su duba su mayar, kamar albam. Ita kuwa mai jikin, ta ba ni amsarta lokacin da ta kawar da kai, ni ne ban saurara ba.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ma haka yake, har ya fi, domin magana ana mantawa, hoto kuwa yana nan yadda yake bayan shekara ashirin. Bari in ɗan bayyana abin da ke faruwa in ka danna tura, don da yawanmu muna yi ba tare da mun sani ba.

Da farko, ba aron hoton ka ba mutane ba, kwafi ka raba musu. In zaure na da mutum ɗari biyu, to hoton ya sauka a wayoyi ɗari biyu, kuma kowace waya na da ƙanne da 'ya'ya da mai gyara. Ko ka goge naka, nasu na nan. Ko ka sa irin saƙon da ake gani sau ɗaya ya ɓace, wanda ya so zai ɗauki allon da wata wayar.

Sannan akwai yarjejeniyar da muke amincewa da ita ba mu karanta ba. A Facebook da Instagram hoton naka ne, amma ka ba kamfanin lasisin yin amfani da shi a ko'ina a duniya ba tare da ya biya ka ba, kuma yana iya ba wasu wannan lasisin. Kamfanin Meta, mai waɗannan shafuka, ya faɗa da bakinsa cewa yana amfani da abubuwan da manya suka wallafa a bainar jama'a wajen horar da ƙirƙirarriyar basirarsa.

Akwai kuma bayanan da ke ɓoye a cikin hoton, waɗanda ake kira EXIF: ranar da aka ɗauka, sa'a, irin wayar, kuma in ka bar manhajar gano wuri a kunne, har da daidai inda kake tsaye. A Disambar 2012 attajirin nan mai manhajar kwamfuta, John McAfee, yana ɓuya 'yan sandan ƙasar Belize na neman sa da tambayoyi, sai 'yan jaridar da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet. Nan da nan mutane suka karanta bayanan hoton suka ga yana Guatemala. Manyan shafuka kan cire waɗannan bayanai daga kwafin da jama'a ke gani, WhatsApp ma haka in ka tura a matsayin hoto. Amma in ka tura a matsayin fayil, ko ta imel, ko aka ɗora a shafin da muka gina da kanmu ba a kula ba, bayanan na tafiya tare da shi. Ko babu su ma, lambar mota, bajon makaranta a rigar yaro, da launin ƙofar gida duk adireshi ne. Mun san halin da ake ciki a gida game da masu garkuwa da mutane. Wanda ya sa hoton sabon gidan da ya gina wa mahaifiyarsa, ya rubuta unguwa, shi yana nan Ingila lafiya, ita ce ke kwana a gidan.

Fuska ma yanzu ta zama kamar zanen yatsa. A farkon 2020 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa wani kamfani mai suna Clearview AI ya kwashi hotuna sama da biliyan uku daga shafukan intanet, ya gina manhajar da in aka nuna mata fuska za ta nemo sauran hotunan mai ita. Ga kuma manhajojin da ke ɗaukar fuskar mace daga hoton biki su ɗora ta a jikin tsiraici, aikin da a da sai gwani, yanzu kowane ɗan iska zai iya. A al'ummarmu kun san abin da irin wannan zai jawo wa budurwa ko matar aure kafin gaskiya ta yi halinta.

Kada kuma mu ɗauki intanet rumbu. A 2019 shafin MySpace ya sanar cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora na shekaru da dama wajen sauya ma'ajiya. A wannan shekarar aka rufe Google+, Flickr kuma ya taƙaita masu asusun kyauta zuwa hoto dubu. Ƙari a kan haka, shafukan sada zumunta suna matse hoto su rage ingancinsa. Wanda ya sa hoton kakansa a Facebook ya yi sakaci da na takardar, ya saki reshe ya kama ganye.

Abu biyu kuma nake so in faɗa da bakin likita. Na farko hoton gawa da na haɗarin mota. A aikinmu ana koya mana yadda ake sanar da mutuwa: a samu ɗaki, a zaunar da mutum, a fara da abin da ya sani. Al'adarmu ta riga littattafan likitanci sanin wannan, shi ya sa ake tura dattijo, ya yi sallama, ya zauna, ya yi nasiha kafin ya faɗa. Yau sai mutum yana tsakiyar aikin dare a nan, ya buɗe waya ya ga ɗan'uwansa kwance a gefen titi, an rubuta a taimaka a yaɗa ko za a gane shi. Na ga waɗanda wannan ya hana barci wata da watanni. Gawa tana da alfarma, iyalanta ma suna da haƙƙi.

Na biyu ya shafe mu mazauna waje kai tsaye. Muna tura hoton dusar ƙanƙara da mota da kanti, ba ma tura na aikin dare da kuɗin haya da kaɗaici. Ƙaninka a gida yana kallo, yana auna rayuwarsa duka da minti ɗaya mafi kyau na makonka. Daga nan wani ya sayar da gonar gado ya kama hanyar hamada. 'Yan matanmu kuma suna kallon fuskokin da manhaja ta goge ta haska, su koma madubi su ga nasu bai yi ba, sai a shiga shafa mai na canza launin fata. Illar waɗannan mayuka ga fata da ƙoda maganar wata rana ce, amma ku sani akwai ta.

Doka fa, me ta ce? A ƙasar nan, bisa dokar haƙƙin mallaka ta 1988, hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba, kuma haƙƙin na nan har shekara saba'in bayan rasuwar mai ɗaukar. Amma dokar ta ce in kai ka ɗauko mai hoto don sha'anin gidanka, kamar biki ko suna, ba shi da ikon baje hotunan ga jama'a sai da yardarka. Iyayen amare su riƙe wannan. Ɗaukar hoton wani daga intanet a yi amfani da shi ba izini kuwa yana iya kai mutum kotu: Daniel Morel, mai hoto ɗan ƙasar Haiti, ya sa hotunan girgizar ƙasar 2010 a Twitter, wasu manyan kamfanonin labarai suka rarraba ba da izininsa ba, a 2013 kotu a Amurka ta ce a biya shi dala miliyan 1.2. Dokar kare masu amfani da intanet ta Birtaniya ta 2023 ta mai da yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba laifi, ko da na haɗi ne. Faransa ta yi doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu. Nijeriya ma ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. Sai dai doka kan zo ne bayan an yi ɓarna. Babu alƙalin da zai mayar da yarinyar nan aji kamar ba a gani ba. Mu a asibiti mun fi kowa sanin rigakafi ya fi magani.

Don haka ga sharuɗɗan da nake roƙon a rubuta kafin a buɗe shafin.

Na ɗaya, kada a sa hoton da aka ɗauki mutum takamaimai sai da izininsa, a kuma yi masa bayani da Hausa cewa duk duniya za ta iya gani, kuma in ya fita ba ya dawowa. In ya rasu a tambayi magadansa. Hoton matan cikin gida, a ji daga bakinsu su kansu.

Na biyu, a raba shafin gida biyu. Gine-gine, kasuwa, sana'o'i, hawan salla da tsofaffin hotunan tarihi su zama na kowa. Hotunan iyali da na tarukanmu su zauna a ɓangaren da sai ɗan ƙungiya ke shiga.

Na uku, yara. Kada fuska da cikakken suna da makaranta su haɗu a wuri guda. Babu hoton wanka, babu na tsiraici ko da na jariri ne. Yaron da ya yi wayo a tambaye shi, in ya kawar da kai a ajiye kyamara.

Na huɗu, babu hoton mara lafiya, babu na gawa, babu na haɗari. In za a nemi taimako, mutum biyu daga kwamitin jin ƙai su tabbatar da lamarin su ga takardar asibiti, su sanar da mu da baki, kuɗi su shiga asusun ƙungiya. Mun yarda da juna, ba sai an tone asirin mutum kafin mu sa hannu a aljihu ba.

Na biyar, kowane hoto ya fito da sunan wanda ya ɗauka, da wuri, da shekara in an sani. A sa tambarin ƙungiya a jikinsa. In na mai sana'a ne a nemi yardarsa a biya shi haƙƙinsa.

Na shida, a cire bayanan wuri daga kowane hoto kafin a ɗora. Asalin sikanin mai inganci a ajiye shi wuri uku, ɗaya a nan, ɗaya a gida, ɗaya a wata ma'ajiyar daban. Hoton takarda a mayar wa mai shi hannu da hannu.

Na bakwai, duk wanda ya ce a cire hotonsa a cire, ba gardama, ba sai ya kawo dalili ba. A naɗa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda kowa ya san su ne za a kira.

Ga kowannenmu kuma, a wayarsa ta kansa, tambaya ɗaya nake ba da shawara ya yi kafin ya danna: in mai wannan fuskar ya ga hoton nan bayan shekara goma, a hannun wanda ba ya ƙaunarsa, zai gode mini?

Yarinyar nan yanzu ta zama budurwa. Na nemi gafararta a gaban mahaifiyarta, ta ce ta yafe, ta kuma koma karatu a wata makarantar. Kafin in zo nan na aika aka tambaye ta ko in ba da labarin ba tare da suna ko gari ba, ta ce in bayar. Na goge hoton daga wayata da kwamfutata tun tuni, amma na san yana nan a wayoyin da ban san adadinsu ba.

Ina fata a buɗe shafin nan, in Allah ya yarda ni ne farkon wanda zai kawo albam ɗin mahaifiyarmu, bayan na tambaye ta. Duk wanda ke da tsofaffin hotuna ya gan ni bayan an ci abinci, ina da na'urar sikanin, kuma ba na karɓar ko sisi.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya raya mana zuri'a, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya.